Matsalolin ƙarfen cikin taransifoma: yadda ake gano su da yadda ake gyara

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu naɗin waya, yaran shago, masu injin niƙa da na walda, da ma'aikatan wuta na otal-otal da masana'antu a Garwa, Marwa da Ngaundare. Kusan kowa da zancen naɗi yake farawa, domin shi ne ke ƙonewa ido ya gani. Ƙarfen da aka naɗa wayar a kansa kuwa ba a cika tuna shi ba, alhali sau da yawa shi ke sa aikin da aka gama jiya ya dawo shago bayan ɗan lokaci.

Mene ne aikin ƙarfen ciki, kuma don me ake yin sa falle-falle?

A cikin taransifoma akwai naɗin shiga da naɗin fita, kuma ba sa taɓa juna. Ƙarfen da suka zagaye shi ne hanyar da maganaɗisu ke bi ya ɗauki ƙarfi daga wannan ya kai wa wancan. Wutar Kamaru da ta Chadi 50Hz ce, wato maganaɗisun yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Duk ƙarfen da irin wannan maganaɗisu ya ratsa, wata wuta tana tasowa a jikinsa tana kewayawa, ta koma zafi. Da dunƙule ɗaya ne, da kafin a jima hannu ba zai iya taɓa shi ba. Shi ya sa ake yanka shi sirara, kowane falle da ɗan rufi a jikinsa da ke hana wutar tsallakawa zuwa na kusa da shi.

A manyan taransifomomi kaurin falle tsakanin milimita 0.23 ne zuwa 0.35, a ƙananan da ke cikin sitabilaiza da caja yakan kai 0.5. Idan kauri ya ninka biyu, wannan asara tana ninka huɗu, don haka fallaye goma da suka manne da juna babbar matsala ce ko da ido bai ga komai ba. Ƙarfen yana ɗauke da silikon wajen kashi 3 cikin ɗari. Na manyan kuma, tun aikin Norman Goss a Amurka a shekarun 1930, ana murza shi ta yadda maganaɗisu zai fi saurin bi ta tsawonsa. Wanda ya yanko falle a karkace daga wani tsohon ƙarfe ya cike gurbi da shi ya ƙara wa taransifomar asara.

Ƙarfen yana lalacewa da kansa ne?

Da wuya. Idan babu abin da ya taɓa shi, yakan ga bayan naɗi biyu ko uku. Abin da ke kashe shi daga waje yake zuwa: ruwa ya shiga tanki tsatsa ta ci bakin fallaye, notocin matsi su saki saboda jijjigar mota a hanyar ƙauye, naɗi ya ƙone, tartsatsin ya narka gefen ƙarfen ya haɗe fallaye, ko rufin sandar da ta ratsa ƙarfen ya fashe. Na biyar, wanda a ganina ya fi duka yawa a shagunanmu, hannun mai gyara ne. Akwai amsa guda a kan wannan a ƙasa, wajen zancen babbaka naɗi.

Taransifomata ta fara gurnani fiye da da. Ƙarfen ne?

Ɗan gurnani marar yankewa lafiya ne. Ƙarfen yana ɗan miƙewa yana tsukewa sau biyu a kowane zagayen wuta, shi ya sa kunne ke jin sauti na 100Hz. Abin lura shi ne canji. Ƙara mai kaɗawa, ƙarfe na bugun ƙarfe, yana nuna fallaye sun saki ko wani noti ya kwance. Wani lokaci ma murfin akwatin waya ne kawai ke rawa, sai a fara dafa shi da hannu mai safar roba idan ƙaramar na'ura ce. Gurnani mai kauri da ke ƙaruwa da tsakar dare, lokacin da unguwa ta kashe kaya ƙarfin wuta ya hau, alama ce ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu. Duba amsar da ke kan janareta. Idan kuwa tas-tas kake ji daga cikin tanki, wannan tartsatsi ne. A yanke wuta nan take, kada a jira gari ya waye.

Ta yaya zan bambance matsalar naɗi da ta ƙarfe ba tare da na buɗe ba?

Gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya a kan ƙarfe shi ne a ba taransifoma wuta babu lodi ko ɗaya a bakin fita, a auna amfiya da wat ɗin da take ja. A wannan hali kusan duk abin da take ci ƙarfen ne ke cinye shi. Taransifomar rarraba wuta mai lafiya ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na cikakkiyar amfiyarta ba. Misali, mai 100kVA a 400V cikakkiyar amfiyarta wajen 144 ce, to in ka ga tana jan amfiya 10 a zaune, akwai magana. A kwatanta da takardar gwajin masana'anta idan tana nan, ko da wata taransifomar irinta.

A ƙaramar taransifoma ta sitabilaiza ko caja, ƙwan fitila mai zare na wat 100 da aka jera a kan layin shiga ya wadatar. In ya yi ja-ja kaɗan, lafiya. In ya haska sosai, tana jan wuta fiye da kima. Sai dai wannan bai faɗa maka wane ne mai laifi ba, domin zagayen waya da ya haɗe da ɗan'uwansa shi ma haka yake yi. Bambancin yana wurin zafi da saurinsa. Haɗewar zagaye tana ɗumama naɗin cikin mintoci, har ka ji warin banish, kuma yawanci ƙarfin wutar da ke fita yana sauka ƙasa da lissafi. Matsalar ƙarfe a hankali take zuwa: naɗi na nan da sanyinsa, ƙarfen na ta ɗaukar zafi, sau da yawa a kusurwa ɗaya.

Ka kiyaye jerin gwaje-gwajen. Duk gwajin da ake yi da wutar gari a fara gama shi, kafin a auna juriyar naɗi da na'urar da ke tura wutar batir. Wutar batir tana barin ragowar maganaɗisu a ƙarfe, kuma wannan ragowar tana ɓata awon da zai biyo baya har mutum ya zargi ƙarfe mai lafiya.

A mai fes uku, na ga amfiyar tsakiya ta fi sauran ƙanƙanta. Lalacewa ce?

A'a, haka ya kamata. Ƙarfen yana da ƙafa uku, kuma hanyar maganaɗisun ƙafar tsakiya ta fi gajarta, don haka in aka gwada kowace ƙafa ita kaɗai, na gefe biyu sukan yi kusan daidai, ta tsakiya ta zauna ƙasa da su. Abin tsoro shi ne na gefe biyu su sha bamban sosai.

Akwai gwaji mai arha da ke ƙara haske. A cire komai daga taransifomar, a ba naɗin ƙafa ɗaya 220V, a auna abin da ya bayyana a naɗin sauran biyun. Jimillarsu za ta yi kusa da 220V. In tsakiya aka ba, na gefe su raba kusan rabi da rabi. In gefe aka ba, tsakiya ta ɗauki kaso mafi tsoka, ta nesa ta samu saura. Ƙafar da kullum take nuna kusan sifili, ko ta ina aka ba da wuta, tana da zagayen da ya haɗe, ko a naɗinta ko a ƙarfenta. Gargaɗi, kuma ba na wasa ba: ta ɓangaren babbar wuta ake ba da 220V ɗin. Wanda ya ba da ita ta ɓangaren 400V ya tayar da dubban bolt a kan kwalaben tangaran na ɗaya ɓangaren, 15,000 ko 30,000 gwargwadon layin da aka ƙera ta dominsa, a tsakar shago inda yara ke kai da kawo.

Me ya sa ake cewa a wuri ɗaya tak ake haɗa ƙarfen da ƙasa?

Dole a haɗa shi da tanki, in ba haka ba caji zai taru a jikinsa ya riƙa tartsatsi cikin mai. Amma da zarar haɗin ya zama biyu, an samu zobe, maganaɗisu ya tura wuta tana zagayawa a cikinsa dare da rana. Haɗi na biyu ba ya buƙatar wani babban abu: guntun waya da ya faɗa tanki, washa (zoben da ake sa wa noti) da aka manta, garin ƙarfe da laka da suka taru a gindi, ko kwalin rufi da ya goce lokacin dako.

Yadda ake dubawa: a kwance 'yar ɓallin jan ƙarfen da ta haɗa shi da tanki, a sa mega, wato na'urar auna ƙarfin rufi, ta 500V ko 1000V tsakanin ƙarfen da tankin. Taransifomar da ta yi shekaru tana aiki, in ta nuna sama da megaom 100, babu damuwa. Tsakanin 10 da 100 rufin ya fara gajiya. Ƙasa da 10 sai an nemo dalili. A manyan taransifomomi an fito da wannan haɗi waje; a na kan sanda yawanci yana ciki, sai an ɗaga murfi. Haka kuma a gwada kowace sandar matsi da ta ratsa fallaye, tsakaninta da ƙarfen. Bayan an gama a mayar da ɓallin. An sha rufe tanki an bar ta a kan tebur.

Man da ke cikin tanki yana iya nuna matsalar ƙarfe?

Ƙwarai, kuma tun kafin kunne ko hanci su ji komai. Inda zafi ya yi yawa mai yana fashewa ya saki iskar gas, kowane irin zafi da tasa. Ɗakin gwaji ne ke raba su, bisa ƙa'idar IEC 60599 ta hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya. Etilin da metan masu yawa, tare da ƙarancin kabon monoksaid, suna nuna ƙarfe tsirara ne ke zafi a inda babu takarda, wato ƙarfen ciki, sandunan matsi ko wani haɗin waya da ya saki. Kabon monoksaid mai yawa yana cewa takardar naɗi ce ke dahuwa. Asetilin kuwa tartsatsi ne. Gwaji ɗaya bai kai biyu da aka yi da tazara ba, domin saurin ƙaruwar gas ya fi adadinsa muhimmanci.

Wanda bai da halin aika samfuri, akwai abin da ido ke gani. Ɗebo man daga famfon gindi a kwalba mai tsabta: baƙin gari mai ƙyalli da ke bin maganaɗisu daga ƙarfe ya fito, mai da ya yi hazo kuma ruwa ne. Duba silika, ƙwayoyin tsotse danshi da ke kwalbar numfashin tanki. Shuɗiya in ta koma ruwan hoda ta ƙoshi da danshi. Daga Yuni zuwa Satumba ya kamata a riƙa leƙa ta, domin ta nan ruwan da ke kawo tsatsa yake shiga.

Zafin Garwa da yawan lodi suna ƙona ƙarfe? Janareta fa?

Lodi naɗi yake dafawa. Asarar ƙarfe ba ta damu da lodi ba, tana nan daidai muddin akwai wuta. Amma zafin gari yana rage wa kowa sarari. Ƙa'idar IEC 60076 ta ɗauka iska ba za ta wuce digiri 40 ba, matsakaicin shekara kuma 20. A Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena watannin Maris da Afrilu suna haura 40, matsakaicin shekara ma ya yi wa 20 nisa. Takardar rufi kuwa, duk ƙarin digiri 6 a wuri mafi zafi yana raba kwananta biyu. Saboda haka ƙarfen da ke ƙara zafi kaɗan, wanda a ƙasa mai sanyi za a yi shekaru ba a lura ba, a nan shi ke ƙarasa naɗin. Ƙurar hunturu da ke like wa fukafukan tanki ita ma tana da nata kason.

Abin da ke takura ƙarfen kai tsaye abu biyu ne: ƙarfin wuta ya hau, ko saurin zagayenta ya sauka. Ana ƙera shi ya yi aiki a wajen tesla (ma'aunin yawan maganaɗisu) 1.5 zuwa 1.7, kuma wajen 2 yake ƙoshi, tazarar ba ta da yawa. Lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, kowa na komawa janareta, kuma janaretan da aka rage wa gudu don tsimin gas yana sauko da 50Hz ƙasa alhali yana riƙe da bolt ɗinsa. Injin da aka yi don zagaye 1500 a minti a bar shi a 1500. Haka na'urar da aka ƙera don 60Hz ta Amurka: a wutarmu maganaɗisunta yana ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari a bolt iri ɗaya. Kafin a zargi ƙarfe a duba makullin sauya ƙarfin wuta ma, ko an bar shi a matakin da bai dace da layin ba.

Maigidana yana babbaka tsohon naɗi da wuta don ya fita da sauƙi. Akwai laifi?

Da girmamawa ga maigida, akwai. Wutar itace ko ta taya ba ta da ma'auni: wani gefe ya yi ja, wani bai ji ba. Rufin da ke tsakanin fallaye yana ƙonewa, musamman na banish da ke ƙananan taransifomomi, fallayen su lanƙwashe su yi ɓawo. Daga nan ko wace irin waya aka naɗa, an zuba sabon ruwa ne a tulu mai tsaga. Za ta yi aiki a gaban mai ita, ta yi zafi a gidansa.

Hanyar da ta dace ta fi cin lokaci: a zare fallayen tukuna, sannan a yi abin da za a yi da naɗin shi kaɗai. In banish ya riƙe su, a jiƙa da tina ko a ɗumama a tanda a hankali har ya yi laushi, a fitar da na farko da siririyar wuƙa. Sauran za su biyo.

Idan na buɗe na tarar fallaye sun narke sun haɗe, yaya zan yi?

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da waya ta kowane gefe, ka sa alama da alli. A babbar taransifoma gadar sama, wato ƙarfen da ya haɗa kawunan ƙafafu, ake fara zarewa, kuma ana jera fallayen a kan katako bi da bi yadda suka fito, domin faɗinsu ba ɗaya ba ne kuma bakinsu a kan kusurwar digiri 45 yake haɗuwa, kowane rukuni ya ɗan goce wa na ƙarƙashinsa. Wanda ya zuba su a buhu ya sayi aikin mako.

Inda narkewar ba ta wuce bakin fallaye kaɗan ba, a raba su ɗaya-ɗaya, a goge ƙullin da magagari mai laushi har yatsa ya daina jin kaifi, a share garin sarai, a shafa banish siriri mai jure mai da zafi, a bari ya bushe. Kada a sa injin gurza a gefen ƙarfen yana ɗaure. Yana shafe bakin fallaye ya haɗe su fiye da yadda ya same su. Tsatsa marar zurfi samfefa mai laushi ta isa. Falle da ya huje ko ya karye a sauya shi da mai irin kaurinsa da irin yankansa. Wajen mayarwa gudumar roba ko ta katako ake amfani da ita, domin duka da lanƙwasa suna rage ingancin wannan ƙarfe, kuma dawo da shi sai an gasa shi a wajen digiri 800 a tandar da iska ba ta shiga, abin da shagon unguwa ba shi da shi.

Kafin a mayar da naɗi, a zagaya wa ƙarfen kebul mai rufi, a ba shi wutar da ta yi daidai da bolt ɗin kowane zagaye, a bar shi kamar rabin awa. A yanke wutar, a bi shi da tafin hannu ko ma'aunin zafi na nesa. Duk inda ya fi sauran zafi a fili, akwai sauran aiki a wurin.

Fallaye sun rage mini bayan na gama haɗawa. In bar su?

Kada ka bari. Duk falle da ya rage a tebur ya rage faɗin hanyar maganaɗisu, sauran su ɗauki nauyinsa. Ɗaya ko biyu a ƙaramar taransifoma ba za su kashe ta ba, amma tari guda yana nufin naɗin ya matse ramin ko fallayen sun lanƙwashe.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne rage zagayen waya don tsimin jan ƙarfe. A 50Hz, ga ƙarfe na gama-gari, lissafin da masu naɗi suka saba shi ne a raba 45 da faɗin ƙafar ƙarfen a santimita murabba'i, abin da ya fito shi ne zagaye nawa kowane bolt ke buƙata. Ƙafa mai santimita 5 sau 6, wato 30, tana son zagaye ɗaya da rabi a kowane bolt, 330 ke nan a 220V. Injinan walda na ƙirar gida da ake haɗawa da tsofaffin fallaye daga nan suke samun matsala: ƙarfe gauraye, zagaye kaɗan, sai gurnani da zafi tun ba a kama walda ba. In ƙarfen tsoho ne ko ba ka san asalinsa ba, yi amfani da 50 a madadin 45.

Me ya kamata a yi kafin a mayar da ita kan layi?

Ƙarfe da naɗin da suka sha iska sun sha danshi, sai an busar da su a tanda a wajen digiri 90 zuwa 105, ana auna mega lokaci-lokaci har awon ya hau ya tsaya. A sa su a tanki da ɗuminsu, a zuba mai da aka tace. A gwajin ƙarfin mai na tazarar milimita 2.5, kada tartsatsi ya ratsa shi a ƙasa da 30kV. A bar shi ya kwanta kumfa ya fita. Sannan a maimaita gwajin babu lodi da na ƙafa uku da aka yi bayani a sama, a rubuta sakamakon a ba mai ita. Mai karɓar aiki shi ma ya nemi wannan takarda, ita ce abin kwatancensa nan gaba.

Yaushe ne gyara bai da amfani?

Idan narkewar ta yi rami cikin ƙafa, ko tsatsa ta kumbura fallaye har sun ƙi matsuwa, ko an taɓa babbaka ƙarfen. Haka idan bayan gyara wat ɗin da take ci a zaune ya yi wa na asali nisa. Yi lissafi: ƙarin wat 100 kawai, awa 8,760 na shekara, ya zama 876kWh da za ka biya ba ka yi aikin komai da shi ba. Sababbin da ke da ƙarfe mai siririn falle kamar takarda, na wajen milimita 0.025, asararsu kaɗan ce ƙwarai amma ƙarfen yana ɓarewa kamar ƙwai in an matsa masa. Wanda bai taɓa buɗe irinsu ba ya bar wa wanda ya saba.

Akwai kuma wadda ba a buɗewa sam. Tsohuwar taransifoma da farantin jikinta ya ce Pyralène ko Askarel, ruwan cikinta guba ne mai suna PCB, wanda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a daina aiki da shi. Ya fi ruwa nauyi, ɗigonsa nutsewa yake a kofin ruwa, man gaske kuwa yana tasowa sama. Ba a ƙona shi, ba a zubar da shi a kwata, ba a sayar wa masu walda su zuba a injinsu; hukumar kula da muhalli ake sanar wa. Taransifomar kan sandar unguwa kuma ta kamfanin wuta ce. In ta fara tsiyayar mai ko ƙararta ta canza, a ɗauki lambar da ke jikin sandar a kai rahoto ofishinsu, a hana yara da dabbobi zama a ƙarƙashinta kafin ma'aikata su iso.